Yadda za a kare jijiyar gani daga hawan jinin ido, bisa abin da aka gano game da ƙwayoyin giliya

Sunan da muka laƙaba wa cutar gilakoma, wato hawan jinin ido, ya ɗan karkatar da fahimtar mutane, domin ba jini ne ke hawa a cikin idon ba, kuma mutum zai iya kamuwa da ita alhali awon jininsa na damtse lafiya lau yake. Abin da ke hawa shi ne matsin wani ruwa garai-garai da ido ke samarwa dare da rana, wanda ya kamata ya riƙa tsiyayewa ta wasu 'yan magudanai da ke gefen baƙin ido daidai gwargwadon yadda yake zuwa. Idan magudanan suka fara cushewa ruwan ya taru, matsinsa yakan sauka ne a kan wuri mafi rauni a ƙwayar ido, wato ta can baya inda jijiyar gani ke fita zuwa ƙwaƙwalwa.

Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa kimanin mutum 5 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 suna da wannan cuta, kuma ita ce ta biyu wajen makantar da mutane bayan yanar ido. A cikin masu ita, waɗanda suka san suna ɗauke da ita ba su kai 6 cikin 100 ba, ɗaya cikin biyar kuwa ya riga ya makance. Bambancinta da yana shi ne, mai yana idan aka yi masa aiki ganinsa yakan dawo, amma abin da gilakoma ta cinye ba ya dawowa. Saboda haka duk dabarar da za a yi, ta tsare abin da ya rage ce, kuma wanda ya fahimci abin da ke gudana a bakin jijiyar, tsakaninta da ƙwayoyin giliya masu yi mata hidima, ya fi iya dagewa a kan maganin da zai yi shekaru yana ɗigawa ba tare da ya ji wani sauyi a jikinsa ba.

A fara da sanin masu hidimar jijiya

A tantanin gani da ke shimfiɗe a cikin ido akwai ƙwayoyin da aikinsu shi ne tattara saƙon haske su aika wa ƙwaƙwalwa. Kowace ɗaya tana da dogon sili guda, kuma silayen nan, fiye da miliyan ɗaya a kowane ido, su ne ke haɗuwa su zama jijiyar gani. Kafin su bar ido dole su ratsa ta wani faifai mai huda-huda kamar rariya, kuma a nan ne cutar ke fara ɓarna. A wannan ɗan wuri silayen ba su da rigar kitsen da ke lulluɓe su idan sun wuce gaba, don haka suna cin kuzari mai yawa kafin su isar da saƙo, kuma ba su iya ciyar da kansu su kaɗai.

Masu ciyar da su su ne ƙwayoyin giliya. Likitan nan na Jamus, Rudolf Virchow, shi ya raɗa musu wannan suna a 1856 daga kalmar Girkanci da ke nufin danƙo, domin a zatonsa aikinsu bai wuce manna ƙwayoyin jijiya da juna ba. An daɗe a kan wannan raini kafin a gane cewa matsayinsu ya fi kusa da na fatoma a wurin fatake: su ke ba da masauki da abinci, su share shara, su kuma tsare ƙofa. Iri uku ne suka fi shafar batunmu. Akwai masu siffar tauraro, waɗanda ake kira astirosait, da suka cika bakin jijiyar suna rungume da silaye da ƙananan jijiyoyin jini, suna ajiye sukari suna miƙa wa silayen idan buƙata ta taso. Akwai ƙwayoyin Müller, masu sunan Heinrich Müller da ya bayyana su a 1851, waɗanda suka ratsa kaurin tantanin gani daga wannan fuska zuwa waccan kamar ginshiƙai, suna daidaita ruwa da gishirin jiki, suna kuma tsotse wani sinadari mai suna gulutamet, wanda jijiyoyi ke amfani da shi wajen isar da saƙo amma yake zama guba idan ya taru. Na uku su ne maikurogiliya, ƙanana masu yawo kamar 'yan sintiri, waɗanda Pío del Río Hortega na Sifaniya ya fayyace a 1919. Su ke cinye matattun ƙwayoyi da duk abin da bai dace da wurin ba.

Yadda mai hidima ke juyewa

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne cewa waɗannan ƙwayoyi suna jin matsi, kuma martaninsu na farko taimako ne. Da zarar matsin ido ya tashi, masu siffar tauraro sukan sauya kama, su yi kauri, su ƙara himma wajen tallafa wa silaye. A 2017 masu bincike a Bostan sun hana su yin wannan sauyi a idanun ɓeraye ta hanyar cire wani ɗan sinadari mai suna STAT3, sai ɓarnar jijiya ta ƙaru maimakon ta ragu. A 2020 kuma masu bincike a Jami'ar Vanderbilt da ke Amurka sun nuna wani abin mamaki: idan aka ɗaga matsin ido ɗaya na ɓera, waɗannan ƙwayoyi sukan kwaso abincin da suka ajiye a jijiyar lafiyayyen idon su miƙa wa mai ciwon ta hanyar ƙananan ƙofofin da suka haɗa su da juna. Wannan gudunmawa tana tsawaita ran jijiya mai wahala, sai dai tana barin ɗaya jijiyar da ƙarancin guzuri idan ita ma ta shiga matsi.

Matsalar tana zuwa ne idan matsin ya ƙi sauka, wata da watanni, shekara da shekaru. A lokacin ne 'yan sintirin nan ke harzuƙa su fara fitar da sinadaran kumburi. Binciken da aka buga a 2017 daga ɗakin gwaji na marigayi Ben Barres a Jami'ar Stanford ya nuna cewa sinadarai uku da maikurogiliya ke fitarwa, wato IL-1α da TNF da C1q, idan suka haɗu sukan mayar da masu siffar tauraro su daina ciyar da jijiya su koma kashe ta, kuma daga baya aka gano cewa wani nau'in kitse ne suke zubo mata. Shi C1q tamkar shaida ce da ake sanya wa mahaɗar jijiyoyi domin a zo a cinye ta; tun a 2011 masu bincike a Cibiyar Jackson da ke Amurka sun ga cewa ɓerayen da gilakoma ke bin zuriyarsu, idan aka raba su da wannan sinadari, jijiyoyinsu sukan tsira sosai. Ban da wannan, ƙwayoyin da ke zaune a rariyar sukan shiga rusawa da sake gina ta, har ta ƙage ta lotsa baya, wanda shi ne ramin da likita ke gani yana faɗaɗa idan ya haska cikin ido. Su kuma ƙwayoyin Müller idan suka jigata, tsotsar gulutamet ɗinsu takan ragu.

Galibin wannan ilimi daga ɓeraye da ƙwayoyin da aka raina a ɗakin gwaji aka samo shi, kuma idon ɓera ba shi da ƙaƙƙarfar rariya irin ta ɗan Adam, don haka ba a ɗaukar sakamakon kai tsaye a ɗora wa mutum. Duk da haka ya bayyana abubuwa biyu da likitoci suka daɗe suna gani a asibiti: wasu mutane jijiyarsu na lalacewa alhali matsin idonsu bai wuce ƙa'ida ba, wasu kuma ɓarnar takan ci gaba na wani lokaci ko bayan an sauke matsin. A ganina darasin da ya fi amfani ga majiyyaci shi ne na lokaci, domin giliya da aka sauƙaƙa wa tun tana matakin taimako ba ɗaya take da wadda ta shekara goma tana cikin kumburi ba.

A je a auna tun ido bai yi ƙorafi ba

Nau'in gilakoma da ya fi yawa a cikinmu ba ya ciwo, ba ya ja, ba ya hawaye. Gefe-gefen gani yake fara ci, ɗaya idon kuma yana rufe gurbin, har sai mutum ya fara tuntuɓe da kujera ko ya kasa hango babur da ya ɓullo masa ta gefe. Saboda haka duk wanda ya kai shekara 40 ya je a duba shi ko da yana iya zura zare a allura, sannan ya maimaita bayan kowace shekara ɗaya ko biyu. Wanda mahaifi, mahaifiya ko ɗan uwansa na jini ke da cutar, ko wani a gidansu ya makance ba a san dalili ba, kada ya jira shekara 40, domin gado yana da ƙarfi a wannan cuta, kuma tana kama baƙar fata da wuri ta kuma fi yi musu tsanani. Haka ma mai ciwon suga, da wanda ya taɓa buguwa a ido, da mai sa tabarau mai kauri don hangen nesa.

Gwajin karanta haruffa a bango da ake yi kafin a ba da tabarau bai isa ba. A nemi a auna matsin ido, wanda a yawancin masu lafiya yake tsakanin milimita 10 zuwa 21 na zaiba. A nemi likita ya duba bakin jijiyar da idonsa. A yi gwajin faɗin gani, inda ake danna maɓalli duk lokacin da ɗan haske ya ƙyafta. Inda kuma akwai na'urar OCT, a ɗauki hoton kaurin jijiyar. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA da ke Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa, suna daga cikin wuraren da ake samun ƙwararru a wannan fanni. Idan aka ce matsin 18 ne, kada a tashi da murna kafin a ji abin da aka gani a jijiyar, tunda akwai masu cutar da matsinsu bai taɓa haura 21 ba.

A sauke matsin, a kuma riƙe shi a ƙasa

Har yau sauke matsin ido shi ne maganin da aka tabbatar yana rage saurin cutar a jikin mutane, kuma ta fuskar abin da muka bayyana, shi ne hanyar ɗauke wa giliya nauyin da ke harzuƙa ta. Wani babban gwaji da aka yi a Suwidin, wanda sakamakonsa ya fara fitowa a 2002, ya nuna cewa kowace milimita ɗaya da aka rage tana rage haɗarin ci gaban cutar da kusan kashi 10 cikin 100. Ko masu cutar da matsinsu bai wuce ƙa'ida ba, an ga cewa rage shi da kashi 30 cikin 100 yana taimaka musu. Don haka a tambayi likita adadin da yake so matsin ya tsaya a kai, a rubuta shi a littafi, a riƙa rubuta awon kowace ziyara a ƙarƙashinsa.

Yawanci da maganin ɗigawa ake farawa. Latanoprost da 'yan uwansa sau ɗaya ake ɗiga su da dare, suna buɗe wa ruwan wata hanyar fita, kuma sukan sa ido ya ɗan yi ja, gashin ido ya yi tsawo, fatar gefen ido ta ƙara duhu. Timolol yana rage yawan ruwan da ido ke samarwa, ya fi araha, amma mai asma ko mai bugun zuciya a hankali ya sanar da likita kafin a rubuta masa, domin yana iya toshe masa numfashi. Akwai kuma dorzolamide da brimonidine, na biyun ba a ɗiga wa jarirai. Ƙwayar sha ta acetazolamide ta ɗan lokaci ce, kuma mai sikila ko ciwon ƙoda lallai ya faɗa kafin a ba shi.

Yadda ake ɗigawa yana da muhimmanci kamar maganin kansa. A wanke hannu, a ɗaga kai sama ko a kwanta rigingine, a jawo fatar ido ta ƙasa har ta yi ɗan aljihu, a saki ɗigo ɗaya tak ba tare da bakin kwalbar ya taɓa ido ko gashinsa ba. Sannan a lumshe ido, a danna lungun da ke kusa da hanci da ɗan yatsa na minti ɗaya zuwa biyu, domin ta nan ne magani ke zurarewa zuwa maƙogwaro ya shiga jini. Idan magunguna biyu ne, a bar aƙalla minti biyar a tsakaninsu don kada na biyu ya wanke na farko. Dattijon da hannunsa ke rawa a sa wani tsayayye a gida ya riƙa ɗiga masa. Latanoprost da ba a buɗe ba a firji ake ajiye shi, wanda aka buɗe kuma ba ya son zafin da ya wuce digiri 25, abin da ke da wuya a Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu. Inda babu wuta, a sa kwalbar cikin leda mai tsabta a ajiye a gindin randa, nesa da taga. A sayi sabuwar kwalba tun tsohuwar ba ta ƙare ba, domin matsin da ke sauka yau ya tashi gobe shi ma wahala ce ga jijiya.

Watan azumi ne lokacin da mutane da yawa ke ajiye kwalba. Malamai sun yi saɓani kan ko ɗigon ido yana karya azumi, amma a aikace akwai mafita: mai sau ɗaya ya ɗiga bayan isha'i, mai sau biyu ya ɗiga lokacin sahur da bayan buɗa baki, mai sau uku kuma ya ga likita tun cikin Sha'aban a sake masa tsari. A lokacin buɗa baki a sha ruwa kaɗan-kaɗan, domin kwankwaɗar lita guda a tashi ɗaya tana ɗaga matsin ido na ɗan lokaci.

Ga wanda kuɗin magani na wata-wata ya fi ƙarfinsa, ko yake yawan mantuwa, yana da kyau ya tambaya game da aikin hasken leza da ake yi wa magudanan ido cikin 'yan mintoci ba tare da yanka ba. A gwajin da aka yi a Birtaniya, wanda aka buga a 2019, kusan kashi 74 cikin 100 na waɗanda aka fara yi wa leza ba su buƙaci ɗigo ba har shekara uku. A garin Moshi na Tanzaniya kuma, inda yawancin majiyyata ke zuwa da cutar ta yi nisa kamar yadda ake gani a wurinmu, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna leza ta yi nasara a idanu 61 cikin 100 bayan shekara ɗaya, timolol kuwa a 31. Idan cutar ta yi tsanani, tiyatar buɗe wa ruwa sabuwar hanya, wadda John Cairns ya bayyana a 1968, ita ta fi sauke matsi sosai. Mutane da yawa suna gudunta saboda sun ga wanda aka yi wa bai dawo da gani ba, alhali tun asali ba don dawo da gani ake yin ta ba, don tsare ragowar ne, kuma jinkirta ta har sai ragowar ta ƙare shi ne ke jawo mata wannan baƙin jini.

A guji abin da ke ƙara rura wutar

Babban abin da za a kiyaye shi ne maganin ɗigawa mai sinadarin sitiroid, irin su dexamethasone, betamethasone da prednisolone, waɗanda ake saya a kemis don ƙaiƙayi ko jan ido. Suna kwantar da ƙaiƙayi nan take, amma a wasu mutane, musamman yara da masu gadon cutar, suna cushe magudanan ido cikin 'yan makonni. Mayukan bilicin da yawa suna ɗauke da irin wannan sinadari, kuma shafa su kusa da ido na tsawon lokaci yana iya yin wannan illa. Ruwan ganye, zuma ko wani haɗi da ake zubawa a ido ba ya isa bakin jijiya balle ya gyara ta, sai dai ya ƙara gyambo a kan ciwo. Mai ciwon suga ya kula da sugansa, mai hawan jini na gaske kuma ya sanar da likitan ido irin maganin da yake sha da lokacin shan sa, domin faɗuwar jini sosai cikin dare tana rage abin da ke isa jijiyar. Amma kada ya sauya komai da kansa.

Yadda za a saurari labarin sababbin magunguna

Tunda aka gane rawar giliya, masu bincike suna neman maganin da zai kwantar da ita kai tsaye, kuma labarin irin wannan yakan yaɗu a waya tun kafin ya nuna. Tarihin wani magani mai suna memantine ya isa jan kunne. An sa rai zai kare jijiya daga gubar gulutamet, ya yi kyau a dabbobi, aka gwada shi a kan mutane fiye da 2,200 na tsawon shekaru huɗu, sakamakon da aka buga a 2018 kuwa ya nuna bai hana cutar ci gaba ba. Maganin minocycline ya kwantar da maikurogiliya a ɓeraye, haka ma wani magani daga dangin sababbin alluran ciwon suga, wanda ya rage sinadarai ukun nan da aka ambata, amma ba ɗaya daga cikinsu da aka amince da shi a matsayin maganin gilakoma. Nikotinamaid, wani nau'i na bitamin B3, ya kare jijiyoyin ɓeraye a binciken 2017, kuma wani ƙaramin gwaji a Ostiraliya a 2020 ya nuna ɗan ingantuwar aikin tantanin gani a mutane; sai dai adadin da ake gwadawa ya ninka na abinci nesa ba kusa ba, kuma yana iya taɓa hanta, don haka ba abin da mutum zai saya ya dinga sha da kansa ba ne. Duk wanda ya tallata maganin da zai farfaɗo da matacciyar jijiya, ko ya ce a ajiye ɗigo a koma nasa, a tambaye shi a kan mutane nawa aka gwada, kuma na tsawon wane lokaci.

A riƙa komawa asibiti a ranar da aka sa, da littafin awo da duk kwalaben da ake amfani da su, a kuma nemi a maimaita gwajin faɗin gani aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan gwajin ya nuna gani na ci gaba da raguwa alhali matsin yana inda aka so, likita zai sauke adadin da ake nema ya ƙara magani ko ya ba da shawarar tiyata. A tafi da 'yan uwa da manyan 'ya'ya su ma a duba su. Akwai kuma nau'in da ba ya jira: idan ido ya yi ja farat ɗaya da matsanancin ciwo, gani ya dushe, ana ganin zobba masu launi kewaye da fitila, ga ciwon kai da amai, magudanan ne suka rufe baki ɗaya, kuma a irin wannan hali ana tafiya asibitin ido ne a cikin daren, domin sa'o'i kaɗan sun isa su lalata jijiyar.